Ƙarar rauta ta hana ni barci, maigida ya ce wai kunnena ne

Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min da shawara. Rautar intanet ɗinmu, wato na'urar da ke raba wayfai a gida, a ɗakin barci take, kan wata 'yar kanta ta katako dab da kan gado, nan aka ajiye ta tun ranar da aka kawo ta saboda nan soket yake. Da farko lafiya lau, amma 'yan watannin nan da zarar dare ya yi tsit sai in riƙa jin wata siririyar ƙara tsiiiii kamar kukan sauro, ba ta tsayawa, wani lokacin har da ɗan zzzz. Ni kuma barcina ba nauyi, sai in kwana ina juyi in tashi da ciwon kai. Na yi wa maigida magana ya kasa kunne ya ce shi bai ji komai ba, wai kunnena ne ko kuma na sa abun a raina. Sai na fara cire ta daga wuta idan zan kwanta, shi kuma ransa ya ɓaci don yana barin kwamfutarsa tana sauke abubuwan aiki cikin dare, ga kyamarar bakin ƙofa ita ma da wayfai ɗin take aiki. Yanzu abun ya fara zama rigima, jiya ma da fushi muka kwana. Ƙarar nan da gaske ce ko kunnena ne? Tana da haɗari? Ya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Toh bari in fara sauke miki nauyin da ya fi damunki, ƙarar nan kusan tabbas da gaske ce, kuma shi ma maigidan ba wai yana miki taurin kai bane, mai yiwuwa wallahi bai ji ɗin ba. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga mai girgiza sau 20 a daƙiƙa ɗaya har zuwa kusan sau 20,000, amma wannan na saman sai yara da matasa, duk shekarar da mutum ya ƙara siririn sautin ne yake fara ɓace masa, da yawa daga waɗanda suka haura 40 ba sa jin abin da ya wuce 15,000, kuma a bisa yawanci maza sun fi mata saurin rasa wannan ɓangaren, balle wanda ya daɗe yana aiki cikin hayaniyar injuna ko yana toshe kunne da iyafis yana ƙure murya. Irin tsiiiii ɗin da kayan lantarki ke yi kuwa sau da yawa can sama take zama. Kinga kenan mutum biyu a gado ɗaya, ɗaya tana shan azaba ɗaya yana munshari, kuma kowa gaskiyarsa yake faɗa.

Saboda haka ki daina ƙoƙarin gamsar da shi da baki, ba zai yiwu ba, abin da kunnensa bai kai ba maganarki ba za ta kai shi ba. Ki yi masa gwaji. Da dare idan gida ya yi shiru ki juya baya ki rufe ido, shi ya tsaya a bakin soket ya riƙa kunnawa yana kashewa yadda ya ga dama, ke kuma ki riƙa cewa yanzu a kunne take, yanzu a kashe. Ki ce masa ya riƙa dafe makunnin a hankali ko ya yi tari a daidai lokacin kar ya ce ƙas ɗin makunni kika ji. Idan kika faɗa daidai sau takwas ko goma a jere magana ta ƙare. In kuma mai son gani da ido ne, akwai manhajojin waya na kyauta masu zana sauti a kan allo, ki sauke ɗaya ki kara wayar kusa da rautar, zai ga wani siririn layi a tsaye a wuri ɗaya, a kashe wuta layin ya ɓace, a kunna ya dawo. Sai dai makirufon wasu wayoyin ba ya kama sauti mai sirantaka sosai, don haka idan allon bai nuna komai ba kar ki karaya, gwajin juya bayan ya fi ƙarfi.

Bayan nan sai aikin da ya fi muhimmanci, a gano takamaimai me ke kukan. Mutane suna cewa rauta na ƙara rauta na ƙara, amma a mafi yawan lokuta rautar ba ruwanta, adaftarta ce, wato wannan ɗan baƙin akwatin mai kama da kan caja da ake cusawa a soket. Siririn sauti yana da wuyar gane inda yake fitowa, yana bugun bango ya dawo sai ki ji shi ta ko'ina. Ki samu takarda mai ɗan kauri ki naɗe ta ta zama bututu, ki ɗora baki ɗaya a kunnenki, ɗayan bakin ki riƙa bi da shi a hankali, kan adaftar, jikin soket, ramukan iskar rautar, bayanta inda kebul ke shiga. Inda ƙarar ta ƙaru farat ɗaya nan ne. Wani gwajin kuma, ki zare siririn bakin wayar adaftar daga bayan rautar ki bar adaftar a soket wuta a kunne. Rautar ta mutu kenan, in har kina jin tsiiiii ɗin, ko ma ya canza murya ya ƙaru, toh adafta ce ba tantama.

Bari in ɗan yi miki bayanin abin da ke faruwa a cikin wannan akwatin don ki san ba aljanu bane. Wutar da ke soket bolt 220 zuwa 240 ce a yawancin ƙasashe, a Amurka da wasu wurare 110 zuwa 120, ita kuwa rauta yawanci bolt 12 kawai take so, wasu 9 wasu 5. Aikin adafta ta sauke waccan babbar wutar zuwa ƙarama, kuma yadda adaftocin zamani ke yi shi ne su riƙa datse wutar suna saki da sauri, sau dubbai masu yawa a daƙiƙa ɗaya, ta cikin wata 'yar ƙaramar taransifoma da kwayil, wato siririyar wayar tagulla da aka nannaɗe. Duk datsewar da aka yi kwayil ɗin yana ɗan motsawa, motsin da ido ba ya gani. Masu ƙerawa suna tsara saurin datsewar ya wuce inda kunne ke kaiwa, suna kuma shafa wa kwayil ɗin wani irin gam ko fenti mai riƙe shi kar ya yi rawa. Toh idan gam ɗin ya saki saboda zafi da tsufa, ko dama can adaftar mai araha ce ba a shafa mata da kyau ba, sai rawar ta fito fili. Wani abun kuma, idan rautar ba ta jan wuta sosai, misali da dare kowa ya kwanta, adaftoci da yawa suna rage aiki don tsimin wuta, su riƙa yi suna hutawa, wannan yi da hutawar sai ya faɗo cikin iyakar da kunne ke ji. Shi ya sa wasu za su ce miki da rana shiru da dare kuka, rabi shirun dare ne ya tona ta, rabi kuma da gaske muryarta ce ta canza. A wasu kuma akasin haka ne, sai an fara sauke babban abu kukan ke tashi, kinga ke da maigida ke barin kwamfuta tana aiki cikin dare sai ki lura ko ƙarar tana bin lokacin da yake saukewar.

Maganar da kika yi cewa da farko lafiya lau sai 'yan watannin nan, ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Kayan da tun ranar farko yake 'yar ƙararsa yawanci halinsa ne kawai, ba komai. Wanda kuwa da shiru yake sai daga baya ya fara, wani abu ne ya canza a cikinsa, kuma wanda aka fi zargi shi ne kafasita, wasu 'yan gwangwanaye ne ƙanana masu ruwa-ruwa a ciki da ke daidaita wutar. Zafi yana busar da su a hankali, masu harkar lantarki suna da ƙiyasin da suke amfani da shi cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin rayuwar irin wannan kafasita, ita kuwa adaftar rauta awa 24 take a wuta shekara da shekaru ba hutu. Idan suka fara gajiya wutar da ke fita ba ta zama sumul, daga nan sai kuka, sai rauta ta riƙa kashe kanta tana tashi, sai intanet ya riƙa yankewa haka kawai a yi ta zagin kamfani. Ki tambayi maigida ko ya lura da yawan yankewa kwanan nan, idan ya ce eh toh kin samu shaida ta biyu, kuma wannan shaidar ta shafi aikinsa kai tsaye.

Yanzu tambayarki ta haɗari. Siririn tsiiiii shi kaɗai ba ya ƙona gida kuma ba ya cutar da jiki in ban da hana barci, wanda shi ma ba ƙaramin abu bane. Kuma ba wayfai kike ji ba, wayfai igiyar rediyo ce mai girgiza sau biliyan 2.4 ko biliyan 5 a daƙiƙa, ba sauti bace kwata-kwata, babu kunnen da ke jin ta. Amma wannan ɗan zzzz ɗin da kika ambata ina so ki saurare shi da kyau. Idan zzzz ne mai daidaito, murya ɗaya ba hawa ba sauka, wannan gurnanin wutar gida ne, wutar soket tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ko 60 a wasu ƙasashen, ƙarfe da kwayil suna amsawa. Idan kuwa tsartsatsi ne, tas-tas ko cir-cir mai yankewa yana dawowa, musamman in kika ɗan taɓa adaftar sai ya canza, wannan wuta ce ke tsalle tsakanin ƙarfe da ƙarfe saboda soket ya saki ko waya ta kwance a ciki, kuma wannan shi ne ke jawo gobara. Ki duba waɗannan a daren yau kar ki bari sai gobe: ƙauri ko warin roba mai narkewa, adafta mai zafin da ba za ki iya riƙe ta a tafin hannu ba, roba ta canza launi ta yi ruwan ƙasa ko ta kumbura, baƙin tabo a bakin soket. Ɗumi kaɗan ba komai, duk adafta tana ɗumi. Amma in kika ga ko ɗaya daga cikin waɗancan ki kashe makunni ki zare, a nan ba maganar ran maigida zai ɓaci, kayan aikin nasa su jira, a kira mai gyaran wuta ya duba soket ɗin. Kuma idan rautar irin mai batir ce a ciki, ki juya ta ki duba murfin batirin, in ya taso ko ya ƙi rufuwa da kyau batirin ya kumbura, a daina amfani da shi nan take, kar a huda shi kar a matse shi.

Mu ce kin duba babu ko ɗaya, kuma bututun takarda ya nuna adafta ce. Shikenan kin huta, a canza ta, ita ce mafi sauƙin gyara a duk maganar nan. Sai dai a nan ne mutane ke kashe rautarsu da hannunsu, su ɗauko duk adaftar da bakinta ya shiga su cusa. Ki juya tsohuwar ki karanta ƙananan rubutun da ke jikinta, wajen da aka rubuta abin da take fitarwa, za ki ga wani abu kamar 12V da 1A ko 1.5A ko 2A, haka ma a takardar da ke manne a ƙasan rautar. Lambar da ke da V dole ta zama daidai cif, 12 ta koma 12, idan kika sa mai 19 irin ta laftof kin soya rautar, idan kika sa mai 9 za ta yi ta kashe kanta. Lambar da ke da A kuwa daidai ko sama da haka, mai 2A za ta yi aiki a gurbin mai 1A lafiya lau don rautar iya abin da take buƙata take ja, amma ƙasa da haka a'a, za ta yi zafi ta yi kukan da ya fi na da. Akwai kuma ɗan zane mai alamar tarawa da ta ragewa da ɗigo a tsakiya, yawancin rautoci tsakiyar bakin ce ke ɗauke da alamar tarawa, ki tabbatar sabuwar ma haka take. Sai girman bakin, akwai guda biyu da ke rikita mutane, duk faɗinsu na waje milimita 5.5 ne amma ramin ciki ɗaya 2.1 ɗaya 2.5, da ido ba za ki bambance ba, wanda bai dace ba ko dai ya ƙi shiga, ko ya shiga amma ya riƙa lilo wuta tana yankewa. Mafi sauƙi a tafi da tsohuwar adaftar da ita kanta rautar a gwada a gaban mai sayarwa. Kuma dan Allah kar a bi mafi araha, wadda kika ɗaga kika ji ba nauyi ko kaɗan yawanci an tsuke kayan cikinta ne, ita ce za ta fara miki sabon kuka bayan wata biyu.

Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne a fasa adaftar a ce za a ɗiga wa kwayil gam. Za ki ga masu nuna hakan a bidiyo, kuma eh wani lokacin yana rage ƙarar, amma babbar kafasitar da ke ciki tana iya riƙe sama da bolt 300 ko bayan an zare ta daga soket, ga shi akwatin a narke aka haɗe shi, in aka fasa ba ya komawa yadda yake. Abin da za a bari a wuta dare da rana kusa da kan mutum bai kamata ya zama mai ɗaurin salatif ba.

Idan kuma bututun ya nuna daga cikin rautar kanta ne, akwai 'yan abubuwa. Ita ma tana da ƙananan kwayil da ke sake sauke bolt 12 ɗin zuwa ƙasa don kwakwalwarta, su ma suna iya kuka, kuma sau da yawa adafta mai gajiya ce ke tsokano su, saboda haka ko a nan ma a fara gwada wata adaftar kafin a yanke wa rautar hukunci. Yawancin rautocin gida ba su da fanka, wutar da suke ci kaɗan ce, wajen wat 5 zuwa 15, iskar da ke shiga ta ramukansu ta ishe su. Amma manya masu ƙarfi da wasu akwatunan da kamfanonin intanet ke bayarwa suna da 'yar fanka a ciki, ita ƙararta daban ce, fuuuu ko gurrr, kuma idan kika kara hannu a ramukan za ki ji iska. Ƙura ce babbar matsalarta, a kashe a zare a share ramukan da busasshen burushi mai laushi, in za a hura iska mai ƙarfi a sa ɗan tsinke a tokare fankar kar ta yi ta juyawa fiye da ƙima. Fankar da ke gurrr ko bayan shara ƙafarta ce ta cinye, sai canji. Ƙas-ƙas jifa-jifa kuma, wasu na'urorin da ke haɗe da layin tarho suna da ɗan makunni a ciki da ke yin haka idan suna neman layi, in sau ɗaya ne lokacin tashi ba komai, in kuwa a kai a kai ne fitilu suna mutuwa suna dawowa toh mun koma kan maganar wuta.

Wannan 'yar kantar katakon taki ma ina zarginta. Katako mai rami a ƙasa, ko durowa, ko siririn gilashi, yana ɗaukar 'yar girgizar da ba ta kai komai ba ya ƙara mata murya. Ki ɗaga rautar a hannunki tana kunne, in ƙarar ta ragu sosai toh kantar ce ke taya ta, sai ki sa mata 'yan ƙafafun roba ko wani abu mai laushi a kusurwoyi huɗu, amma kar ya toshe ramukan ƙasa. Haka idan akwai sifika ko rediyo a kan kantar ki matsar da su, rauta tana aika wani ɗan saƙon sanar da kanta kusan sau 10 a kowace daƙiƙa ko ba wanda ke amfani da ita, sifikar da ke kusa tana iya kama wannan ta mayar da shi tik-tik-tik, sai a ɗora wa rauta laifi alhali daga sifika sautin ke fita. Idan da had-dis, wato faifan ajiyar bayanai na kwamfuta, a maƙale a bayan rautar shi ma yana da nasa gurnanin. Sannan in gidan yana amfani da inbata ko UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta idan an ɗauke, ki lura ko ƙarar tana ƙaruwa idan aka koma kansu, masu arahar ba sa fitar da wuta mai santsi irin ta layi, a gutsure take fitowa, adaftoci kuwa ba sa son haka sai su yi ta zzzz. Ki kuma gwada wani soket ɗin daban kai tsaye a bango ba ta doguwar ekistenshin da aka cika da caja ba, don wani lokacin ma cajar wata wayar ce a gefe take kukan.

Akwai masu cewa a shiga saitin rautar a rage ƙarfin wayfai, ko a kashe ɓangaren wayfai mai lamba 5 a bar mai 2.4, ko a sabunta manhajar cikinta. Ba laifi a gwada, tunda yanayin jan wuta ne ke canza muryar kwayil wani lokacin a dace, sabuntawar ma tana gyara yadda fanka ke tashi a masu fanka. Amma ni ban cika dogara da wannan ba, sa'a ce kawai. Rautoci da yawa suna da wajen saita lokacin da wayfai zai kashe kansa da dare, sai dai ke wannan bai miki amfani ba saboda kyamara da aikin maigida, kuma ko an kashe wayfai adaftar tana nan a wuta.

Abin da nake ganin ya fi komai, ko an canza adafta ko ba a canza ba, rautar nan ta bar ɗakin barci. Ban ga dalilin da zai sa ta kwana dab da kanki ba, an ajiye ta nan ne don soket ya fi kusa ranar da aka kawo ta, shikenan ta zauna. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagororinta na 1999 ta ce ƙarar da ke ci gaba a cikin ɗakin barci kar ta wuce desibel 30 a ma'aunin ƙarfin sauti, wato kusan raɗa, kuma sauti mai murya ɗaya siririya ya fi damun mutum fiye da yadda ma'auni ke nunawa. A fili duk ninka nisa da aka yi sauti yana raguwa da desibel 6, a cikin ɗaki bai kai haka ba saboda bango na dawo da shi, amma daga rabin mita zuwa mita huɗu bambancin a bayyane yake, kuma daɗin abun siririn sauti ba ya iya ratsa bango da rufaffiyar ƙofa kamar yadda gurnani mai kauri ke yi. Ki fitar da ita falo ko baranda ta ciki ki rufe ƙofa, zai yi wuya ki sake jin ta. Shi kuma maigida ga abin da za ki faɗa masa wanda gaskiya ne ba wayo ba, rauta ta fi ba da netwok mai kyau idan tana tsakiyar gida, a sama, a sarari, nesa da lungu da ƙarfe da madubi, musamman ɓangaren 5 ɗin da bango ke saurin raunana shi, wataƙila ma kyamarar bakin ƙofar ta fi samun sigina daga falo. In kebul ɗin kamfani a ɗakin ya shigo, a ƙara tsawo da kebul ɗin intanet na yau da kullum, yana kaiwa mita 100 ba tare da saurin ya ragu ba. In kuma siririyar igiyar faiba ce kar ku lanƙwasa ta ko ku ja ta da kanku, tana karyewa, ku kira kamfanin su matsar. Idan mai layin waya ce a ciki ma ba wata wahala, a zare a kai kusa da taga a wani ɗakin.

Sai dai kar ki ce za ki rufe mata baki, a naɗe ta da tawul, ko a jefa ta cikin durowa a rufe, ko a ɗora mata filo. Na san dabara ce da ke zuwa wa mutum da ƙarfe biyun dare idan ya gaji, amma zafin da take fitarwa ba shi da hanyar fita sai ta waɗancan ramukan, kin toshe su kin ƙara gasa kafasitocin da dama su ne suka fara gajiya, ga raunin sigina, ga haɗarin wuta a kan ƙyalle.

Kafin ku kashe ko sisi ma ku duba ta wane ne. Idan kamfanin intanet ne ya ba ku rautar, a yawancin tsari su ke da alhakin kayansu, ku kira su ku ce adaftar tana ƙara kuma da ba ta yi, in akwai zafi ko yankewar intanet ku faɗa, wannan ya fi sa su motsa fiye da a ce tana hana ni barci. Ki ɗauki sautin a waya ko hoton layin nan na manhaja ki ajiye. In ku kuka saya kuma garantin bai ƙare ba a mayar, kuma wannan wani dalilin ne na kar a buɗe ta, da an ɓalle tambarin sukurun garanti ya tafi. Rautar da ta shekara biyar ko shida tana kuka daga cikinta kuma ban ga amfanin kai ta gyara ba, da yawa a wannan shekarun ma kamfanin ya daina aiko musu da sabuntawar tsaro.

Game da ku biyun kuwa, ki daina zarewa idan za ki kwanta, shi abin da yake gani kawai ya tashi da safe aikinsa ya tsaya a rabi kyamara ta kwana a makance, ba ya ganin daren da kika yi ido biyu. Ki same shi da rana lokacin da ba wanda ke jin haushi, ki ce masa kin yarda bai ji ba kuma kin san dalili, ki roƙe shi minti biyar na gwajin nan, sannan ki bar masa aikin nemo adaftar da zaɓen inda za a mayar da rautar, maza da yawa sun fi saurin karɓar matsala idan aka miƙa musu ita a matsayin abin gyara. Kafin a samu sabuwar, daren yau ma za ku iya jan ekistenshin mai kyau a fitar da rautar da adaftarta bayan ƙofa.

Abu ɗaya da zan ƙara, ranar da aka fitar da ita ki kashe duk wani abin wuta a ɗakin ki kwanta ki saurara. In har tsiiiii ɗin yana nan, kuma kina jin shi a wasu wuraren masu shiru, ko a kunne ɗaya kawai, toh wannan ƙarar cikin kunne ce, tana samun mutane da yawa kuma rashin barci da damuwa suna ƙara ta, sai ki ga likitan kunne ya duba, musamman in da jiri ko raguwar ji. In kin samu dama ki turo min abin da ke rubuce a jikin adaftar da na ƙasan rautar in duba miki wadda za ta dace.